Takin Da Bai Huce Ba

Ranar da Nangondo ta dubi tsabar idon Lonjezo ta gaishe shi da sunansa, 'yarta Tamanda tana tsugune a bakin komin shuka na uku, riƙe da mataccen tsiro.

"Lonjezo, an tashi lafiya? Ya mutanen tafki?"

Iyakar abin da uwar ta ce ke nan, da irin muryar da take gaida mai tallan gawayi. Ta gyara bokitin da ke kanta ta gangara rafi.

Lonjezo ya tsaya kamar an dasa shi. Wata bakwai ke nan da kai maganar aurensa gidan, Nangondo ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba. In ta hango shi a hanya sai ta ratse cikin ayaba ta juya baya har ya wuce. In tana da magana da shi, ko da taku biyar ne tsakaninsu, sai ta kira 'yarta ta ce, ki faɗa wa wancan kaza da kaza. A al'adar ƙasar, haka uwar mace take yi wa wanda ta karɓa a matsayin suruki. Baƙo ake kallo a fuska a kira sunansa.

Ya juyo ya dubi Tamanda. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza ƙonannen ganyen har ya zama gari a yatsunta.

"'Yar dutse," ya ce, muryarsa can ƙasa, "Mama ta kira sunana."

"Na ji."

"Shi ke nan an sallame ni?"

Akwai wata magana da ta yi makonni tana neman fita daga bakin Tamanda, yau ɗin ma ta haɗiye ta.

Gidan Nangondo yana gindin Dutsen Zomba, daidai inda hanya ta fara hawa. Duk mai ɗaurin aure a coci, ko mai kai fure kabari, ya san ƙofar. Furen daliya take nomawa, kuma irinta ba na kasuwa ba ne. Uwarta ce ta zo da shi ƙulle a gefen zani tun tana aikin lambu a gidan wani Bature a kan dutsen, ja mai duhu kamar hanta, faɗin furen ya kai tafin hannu biyu. Kowace shekara in ganye ya bushe sai a tono saiwoyin, masu kama da dankali, a binne su cikin toka a tukunya har lokacin shuka. Yadda gona da gida suke bi daga uwa zuwa 'ya, haka tukunyar nan take bi. Wata rana ta Tamanda ce.

Lonjezo kuwa ɗan masunta ne daga bakin Tafkin Chilwa, ya bar kwalekwale ya koyi gini. Kawu Likongwe, yayan Nangondo, wanda auren 'ya'yanta yake hannunsa, bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. A ƙasar, miji ne yake tarewa gidan matarsa. Kawu ya ce mijin da zai tare a gidan nan daga ƙasar gidan nan zai ci, to me mai ƙarnin kifi ya sani game da ƙasa? Ga Ganizani nan, mai gidan kaji a Songani, da motarsa ta ɗaukar kaya, tun bara yake aike.

Tamanda ta yi kuka har wuyanta ya fito. A ƙarshe uwar ce ta raba gardama. Ta ce ruwan bara ya kwanta mata a lambu ya kusa ruɓar da iri, don haka yaron ya gina mata komaye huɗu masu tudu, ya haɗa ƙasarsu da hannunsa, ya shuka. In daliya ta buɗe kafin Kirsimeti, a sa rana. Kawu ya yi dariya ya ce ya yarda.

Gini kam ba a magana. Jan bulo har gwiwa, layi ya miƙe sak. Ya bar ƙananan kafofi a ƙasa don ruwa ya samu mafita, ya shimfiɗa fasassun bulo da tsakuwa a gindi. Masu wucewa har tsayawa suke suna kallo. Nangondo da kanta ta zagaya komayen bayan ya tashi aiki, ta shafa bakin ɗaya, ta ce da 'yarta, ki faɗa wa wancan hannunsa yana da kyau. Ranar Lonjezo ya kasa cinye tuwonsa don murna.

Ta bakin Tamanda aka ba shi awon ƙasa. Baro biyu na baƙar ƙasar gindin itatuwan rafi, baro ɗaya na yashi, baro ɗaya na taki, toka kwano guda. A tankaɗe, a cakuɗa har launi ya zama ɗaya. In an dunƙula a hannu ta riƙe, in an taɓa da yatsa ta warwatse, to ta yi.

Abu ɗaya ne ba a faɗa masa ba, don a gidan babu wanda ya taɓa zaton akwai mai bukatar a faɗa masa: taki sai ya kwanta ya huce.

Takin gidan bai isa komi huɗu ba. Da Ganizani ya ji, sai ya aiko cewa yana da tsohon juji a bayan gidan kajinsa, shekara guda yana kwance, a zo a ɗiba kyauta. Lonjezo ya ce ko cikin cokali ba zai shiga kominsa ba. Ya hau keke ya nufi wani gidan kaji can hanyar Domasi, ya yi sawu tara a kwana uku, buhu bibbiyu. Kashin kaji ne sabo fil, jiƙe, da gashi a ciki, warinsa har hawaye yake sawa.

Nangondo ta gan shi yana juyewa a safiyar da za ta tafi Balaka jinyar ƙanwarta. Ta raɓe bayan rumbu ta kira 'yarta.

"Ki faɗa wa wancan takin nan ɗanye ne, wuta ce. Ya tara shi gefe, ya lulluɓe da ciyawa, duk kwana bakwai ya juya, har sau shida. In yana sauri ya ɗebi na Ganizani, taki ai taki ne. Ke kuma kada ki ba shi tukunya sai kin sa hannu cikin ƙasar har gwiwar hannu kin ji sanyi. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

Ta ji ɗin kuwa. Ta tafi da saƙon a bakinta, ta same shi ba riga, buhu ya saɓule masa fatar kafaɗa, yana ta dariya. Ya ɗebo takin a shebur ya kai mata hanci yana tsokana, wai ta shinshina ta ji ƙarfi. Ya ce a garinsu busasshen kifin da ya fi wari shi ya fi daɗin miya, to taki ma haka ne. Na Ganizani kuwa ya tsufa ya mutu, ko wari ba ya yi, kamar mai shi.

Kwana biyar kafin nan sun yi faɗan da ba su taɓa yi ba, don an gan ta a gaban motar Ganizani ta dawo daga kasuwa da kaya. Lonjezo ya ce mata in mota take so ta faɗa masa tun da wuri. Da ƙyar suka shirya. Yanzu kuma ta buɗe baki ta ce takinsa bai yi ba, na Ganizani ne ya yi? In kuwa aka jira sati shida, Kirsimeti za ta wuce fure bai buɗe ba.

Ta dubi dariyarsa, ta dubi kafaɗarsa. Ta ce, sannu da aiki, ɗan tafki.

Ta yi wa kanta dabara, wai za ta riƙa kwarara ruwa safe da yamma har zafin ya wanke. Bayan kwana huɗu ta cusa hannu cikin komi, ta ji ɗumi kamar na tuwon da aka rufe a kwano. Ta zare hannun ta goge a zani, ta shiga ɗaki ta ɗauko masa tukunyar.

Tsiro ya fito kore shar, Lonjezo ya yi mako guda yana tafiya kamar garin nasa ne. Sai bakin ganye ya fara rawaya, ya nannaɗe, ya bushe. Ya tambaye ta ko mene ne, ta ce ƙila rana ce. Ya sari kara da ciyawa ya yi wa kowane komi rumfa. Da abin bai tsaya ba ya ce ko ruwan rafi ne, ya koma hawa dutse da jarka yana ɗebo na maɓuɓɓuga. Tana kallonsa.

Da Nangondo ta dawo ta tona da yatsa, saiwoyin sun dahu luguf suna wari. Guda saba'in da biyu. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi wa 'yarta, ko ta isar da saƙo.

"Na faɗa masa," in ji Tamanda.

Da yammacin ranar da aka kira sunan Lonjezo, Ganizani ya zo da kiret biyu na ƙwai. Mutum ne mai tumbi da fara'a, kowa a unguwar yana sonsa, abin da ya ƙara wa Tamanda haushi ke nan. Ya leƙa komayen ya girgiza kai, ya ce gini dai gini ne, a bar wa yaron kayansa. Ya ce da shi aka tambaya da ya faɗa masa, kajinsa ma sun san kashinsu ba ya shukuwa da zafi. Kawu Likongwe ya yi dariya har da buga cinya. Kafin Ganizani ya tayar da mota Kawu ya sanar cewa ranar Asabar za a kira mutanen tafki, a mayar musu da zanen alkawarin da suka kawo ranar neman aure.

Asabar ta zo da zafin rana irin na gab da saukar ruwa. Aka zauna gindin mangwaro. Kawu a kan kujera, zanen alkawari a ninke a gabansa. Lonjezo a ƙasa, gefensa tsohon kawunsa Matewere, wanda ya taso tun asuba daga tafki da ɗaurin busasshen kifi, bai ma san inda zai ajiye shi ba. Nangondo ta shimfiɗa tabarmarta tana fuskantar baƙin, abin da ba ta taɓa yi ba. Tamanda a bayanta.

Kawu ya daɗe yana magana. Ya ce fure ya mutu, to ya mutu, rashin sani ba laifi ba ne, shi ma in aka ba shi taru bai san ta inda zai jefa ba. Da iyakarta ke nan da ya ce a ƙara wa yaro shekara. Sannan ya nuna Lonjezo da sanda.

"Amma uwar gida ta aika maka saƙo ka take shi? Tun ba ka shigo ba ka raina maganarta, in ka shigo ta wa za ka ji?"

Lonjezo ya ɗago kai. "Saƙo, Kawu?"

"Kada ka mayar da ni abokin wasanka. An ce maka takin ɗanye ne, ka tara ya huce ko ka ɗebi na Songani. An faɗa maka ko ba a faɗa maka ba?"

Lonjezo ya dubi Tamanda. Ba wani dogon kallo ba ne, amma ta ga lokacin da ya gane. Ta ga rumfunan ciyawa sun gilma a idonsa, da jarkar, da hawan dutse. Sai ya mayar da kansa ƙasa.

"An faɗa min, Kawu. Taurin kai ne ya hana ni ji."

Tsoho Matewere ya rufe fuska da hularsa. Kawu ya ce to magana ta ƙare, ya miƙa hannu zai ɗauki zanen.

Tamanda ba ta san lokacin da ta rarrafo tsakiyar fili ba. Ta durƙusa, ta dafa zanen da hannu biyu.

"Kawu, ƙarya yake yi. Ban faɗa masa ba."

Kawu ya ce ta koma wurinta, son namiji ba hauka ba ne. Ta ƙi motsawa. Hawaye suna zuba har kan zanen.

"Mama ta aike ni, na je, na gan shi yana murna, na kasa. Na ji tsoron ya ce Ganizani nake tayawa. Na sa hannu cikin ƙasar, Mama, na sa kamar yadda kika ce, da zafinta, na ji da zafinta, na ɗauko tukunyar na ba shi. Yana tambayata me ke kashe su, na ce rana ce. Ni na dafa irin Kaka. Shi bai taɓa jin kalma ɗaya daga saƙonki ba sai yau a bakin Kawu."



Kawu ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin maƙaryata biyu da suka dace da juna haka ba, ɗaya ta yi ƙarya ta haye tudu, ɗaya ya yi ƙarya ya faɗa ruwa. Ya ce shi ya cire hannunsa yau, magana ta koma wurin mai iri. Kowa ya dubi Nangondo. Ta miƙe a hankali, ta naɗe tabarmarta, ta shige ɗaki. Zanen ya kwana a inda yake sai da wata maƙwabciya ta ɗauke shi gudun akuya.

Tamanda ta sami Lonjezo a bakin komaye yana kwance igiyar rumfunan da ya yi. Rana ta yi ja. Ta tsaya bayansa.

"Ɗan tafki."

Bai juyo ba.

"Me ya sa ka ce an faɗa maka?"

"Ni baƙo ne, in an kore ni ina da tafkin komawa. Ke uwarki ɗaya."

Kukan ya ƙwace mata. Ta ce ya zage ta, ya faɗa mata duk abin da ya ga dama, ya fi mata wannan sanyin. Ta ce don tana sonsa ne ta yi shiru, don kada ta ga fuskarsa ta canza. Ya naɗe igiyar a gwiwar hannu, sannan ya juyo. Idonsa ya kaɗa.

"Abin da kika yi ranar farko na fahimce shi. Ni ma da bakina na toshe miki hanya, da maganar mota da ta Ganizani. Wannan nawa ne. Amma Tamanda, sau nawa na hau dutsen nan da jarka?"

Ta sunkuyar da kai.

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

"Goma sha ɗaya. Kina tsaye nan kina karɓar jarkar kina ce min sannu. Na zauna a kan bulon nan na yi kuka a gabanki, na ce ni jaki ne, Kawunki ya yi gaskiya. Kika shafa min kai."

"Na so in faɗa. Kullum da safe sai in ce yau, in na gan ka sai in ce gobe."

"In na tare a gidan nan, Mama ba za ta yi min magana ba sai ta bakinki, har ɗayanmu ya mutu. Duk abin da kika kawo min shi ne maganarta. Duk abin da kika kai mata shi ne tawa. Ki gaya min, da wane kunne zan riƙa saurarenki?"

Ta zube a kan gwiwa ta riƙe bakin komin. Ta rantse ba za ta ƙara ba, ta kira sunan Allah, ta kira sunan kakarta. Ya bar ta ta gama. Sannan ya gaya mata cewa tun ranar da Mama ta kira sunansa ya je ya ba da suna wurin wani ɗan kwangila da zai gina makaranta can Nsanje. Wata uku. Motarsu za ta tashi Litinin da safe.

Washegari da aka dawo daga coci Nangondo ba ta ko cire ɗankwalinta ba ta miƙa wa 'yarta shebur da baro. Ta ce a kwashe ƙasar komayen kaf, a tara bayan rumbu, a lulluɓe. Tamanda ta yi ta kwasa har tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Uwar tana zaune a kan turmi tana gyaran ganyen kabewa, ba ta ce sannu ba. Sai da aka kai komi na ƙarshe ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Ba furen ya fi yi min ciwo ba. Ke ce bakina. Na dubi yaron nan a ido na kira sunansa kamar ɗan dako, a kan laifin da bai yi ba. Da bakina kika zalunce shi."

Tamanda ta ce ta tuba. Uwar ta ce tuba ba ya tsirowa a komi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata ƙaramar tukunya da Tamanda ba ta taɓa gani ba. Ta tona tokar da yatsa. Saiwa shida, ƙanana, a yamushe. Ta ce uwarta ta hore ta kada ta taɓa ba da iri duka, ko wa 'yar cikinta. A da tana ganin tsohuwar ta cika zargi.

Litinin da sassafe Lonjezo ya zo ɗaukar kayan aikinsa, jaka a kafaɗa. Tamanda tana bayan rumbu tana ƙara ciyawa a kan tarin. Ya ɗauki cokalin gini, ya ɗauki ma'auni da igiya, ya sa a jaka. Fartanyarsa tana jingine a komi na farko, wadda ya saya sabuwa ranar da aka ba shi aikin. Ya kama ƙotarta ke nan sai ga Nangondo ta hawo daga rafi da bokiti a ka.

Hanyar siririya ce, ba makawa sai sun haɗu. Lonjezo ya cire hula, yana jiran a sake kiran sunansa.

Nangondo ta tsaya. Ta ratse cikin ayaba, ruwa yana fantsalo mata a kafaɗa, ta juya baya.

"Tamanda."

"Na'am, Mama."

"Ki faɗa wa wancan gininsa yana nan, ba wanda zai taɓa bulo ɗaya. Ki faɗa masa saura iri shida, na ajiye. Takinsa in an juya shi sau shida zai fi na kowa kyau, don bai yi ƙyashin ɗaukowa ba. Kirsimeti ta wuce mu, amma ana aure da Ista. Ki faɗa masa duka. Ina jin ki."

Taku biyar ne tsakaninsu, ya ji kowace kalma. Duk da haka Tamanda ta matso gabansa ta durƙusa, ta maimaita saƙon ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage ko harafi ba. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa, kamar yanzu ya fara ji.

Daga bakin titi motar ɗan kwangila ta yi oda, ta ƙara yi.

"Ki faɗa wa Mama na ji, na gode," ya ce. "Ki faɗa mata na riga na ba da suna, mutane suna jirana, ba zan zama mai magana biyu ba. Wata uku ne."

Tamanda ta juya ta isar. Bayan uwar bai motsa ba, sai dai ta ce a faɗa wa wancan Nsanje akwai sauro, ya nemi gidan sauro. Ta ƙara da cewa yayanta ya yarda zai riƙe Ganizani zuwa Ista, kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Wannan ma Tamanda ta faɗa, har da sunan.

"Ni fa?" ta ce da ta gama, a hankali yadda uwar ba za ta ji ba. "Ni ba ka da saƙo gare ni?"

Ya daɗe yana kallon hannayenta da suka fashe.

"Naki ban san shi ba tukuna, 'yar dutse. In na ce na sani na yi miki ƙarya."

Ya gyara jakarsa ya gangara. Ta bi bayansa da kallo har ya hau motar, ya zauna a kan buhunan siminti cikin sauran magina. Bai waiwayo ba.

Sai da ƙarar motar ta ɓace ta lura fartanyar tana nan jingine a komi na farko. Ko mantawa ya yi, ko bari ya yi, ba wanda za ta tambaya. Nangondo ta fito daga cikin ayaba, ta dubi fartanyar, ta dubi 'yarta, ta wuce madafa.

Tamanda ta ɗauki fartanyar ta zagaya bayan rumbu. Ta yaye ciyawar, ta naɗe hannun riga, ta cusa hannunta cikin tarin har gwiwar hannu. Zafin ya ratsa inda fatar ta fashe. Ba ta zare ba sai da ta ji shi sosai. Sannan ta miƙe ta fara juyin farko.